Sabulun Salo da Fuskar Auta

Ni mai sabulu ce. Shekara ashirin da wani abu ke nan ina dafa sabulun salo a bayan ɗakina a Jibiya, a tukunyar da Inna ta mutu ta bar mini. In an gama girbi, maigidana yakan sa a kawo mini karan gero daga gonarsa ta wajen Magama. In ƙona, in jiƙa tokar, in tace ruwanta a kwando, in ɗora a wuta har ya yi kauri, sannan in zuba man gyaɗa da man kaɗe ina tuƙawa da muciya har kafaɗa ta gaji. In ya huce in cura. Wanda za a yi gyaran jiki da shi kuwa sai na sake daka shi a turmi da zuma da kurkum da garin ganyen magarya. Mata na zuwa saye daga cikin gari, wasu daga Riko, wasu daga tsallaken iyaka. Akwai mai ƙuraje, akwai mai jegon da wuyanta ya yi baƙi, akwai amaryar da ke son jikinta ya yi sulɓi kafin biki. Da yawa sukan dawo su ce sun ga amfani. Shi ya sa na daɗe ina ganin kamar babu abin da ban sani ba game da fatar mutum.

Mu huɗu ne a ɗakin Inna. Ni ce babba, ƙaramarmu kuwa kowa Auta yake ce mata, har mijinta. Na girme ta da shekara goma sha uku, a bayana ta tashi. Wankan tarwaɗa ce, mai irin fatar nan da ko mai ba ta shafa ba sai ta yi sheƙi. Har tsokanar ta nake yi, in ce in kowa irin ta ne da tuni na bar sana'a. Ta auri saurayin da take so, ɗan wani ƙauye a kan hanyar Maraɗi. Aikinsa ɗaukar fetur a babur, ya ɗaure jarkoki gaba da baya, waɗanda su can suke kira bido, ya tsallaka da su. Garin nasu ba nisa. Takan zo kitso da hantsi, ta koma kafin la'asar.

Wata ranar Talata bayan azahar surukarta ta kira ni a waya. Ban taɓa jin muryar tsohuwar nan haka ba.

"Ku taho, ku taho likita Maraɗi," ta ce. "Wuta ta kama ɗiyarku."

Sai da muka isa asibitin ni da maigidana muka ji yadda aka yi. Mijin ya ajiye jarkokin mai a ɗakin da ke jikin madafa, ɗaya tana ɗiga ba wanda ya lura. Auta tana suyar miya, iska ta kwashi tartsatsi, ɗakin jarkokin ya kama da wuta. 'Yarta mai shekara uku tana barci a ɗakin da ke kusa. Auta ta kutsa ta ɗauko ta, ta rufe ta da jikinta, ta fito. Yarinyar ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma ɗankwalin Auta na roba-roba ne, ya kama, ya narke a gefen fuskarta na hagu. Yarinyar ta farka a hannunta ta ga kan uwarta na ci da wuta.

Auta ta yi kusan wata biyu a asibiti. Ina zuwa ina komawa, wani lokaci in kwana uku a wurinta. Ranar da aka cire mata bandeji na ƙarshe ina tsaye a kanta. Daga ƙasan idonta na hagu zuwa haɓa, ya gangara wuya, fatar ta tattare ta yi tudu kamar an ɗinke ta da gaggawa. Tsakiyar ja-ja, gefe-gefen kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Bayan hannunta na hagu ma haka. Ta ce a ba ta madubi. Surukarta ta ce babu madubi a nan. Ta miƙa hannu ta ɗauki wayata, ta kalli kanta a baƙin gilashin, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini.

Da yamma aka kawo mata yarinyar. Auta ta buɗe hannuwa tana kiran ta. Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa, ta dube ta sau ɗaya, ta ƙwalla ihu, ta ruga bayan kakarta ta cusa kai cikin zanenta. Aka rarrasa, aka ba ta alewa, aka ce ga mamanki. Ta ƙi. Sai da aka fitar da ita ta yi shiru.

Da aka sallame ta na roƙi mijinta ya bar ta ta zo wurina ta ƙarasa jinya, tunda ɗakin nasu ma ba a gama gyarawa ba. Ya yarda nan take. Yarinyar aka bar ta wurin kakarta.

Washegarin zuwanta, muna zaune a inuwar bishiyar bedi a tsakar gida, ta ce, "Yaya, ki yi mini irin na Inna."

"Wane?"

"Wanda ta yi mini lokacin ƙarambau. Kin manta? Duk jikina ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, ta yi ta yi mini wanka da shi har suka ɓace. Ke ma kike riƙe ni ina kuka."

Ban manta ba. Na kuma san tabon ƙarambau a jikin yarinya 'yar shekara biyar ko ba sabulu shi da kansa yake tafiya. Na dubi kumatunta, na dubi idonta. Idon nan na nan yadda na san shi tun tana goye.

"To," na ce.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a layinmu, dattijuwa, ta daɗe tana aikin wanke ciwo. Na je gidanta na nuna mata hoton da na ɗauka a waya. Ta ƙura masa ido, ta ƙara girmansa da yatsu.

"Kar ki sa mata komai sai ya gama kamewa, babu inda ke ruwa," ta ce. "In ya kame, sabulu mara kaifi ba laifi. Man kaɗe ma yana da kyau, ki riƙa murza mata a hankali, zai rage mata ƙaiƙayi da ɗaurewa. Ta guji rana. Baƙin nan na gefe yana iya dusashewa, amma sai an ɗauki lokaci."

"Tsakiyar fa?"

Ta miƙo mini wayar. "Maman yara, ke ma kin sani. Wannan ba tabo ba ne irin wanda kike gani. Fatar ce ta tafi, wata ta tsiro a wurinta. Babu sabulun da zai kai can. Sai dai aikin manyan likitoci a babban asibiti, su ma ragewa suke yi."

Da na dawo Auta ta tare ni tun daga ƙofa. Na gaya mata an ce baƙin zai dusashe, an ce man kaɗe na da kyau, an ce ta guji rana. A nan na tsaya. Sauran maganar na haɗiye ta.

Ban taɓa yin sabulu da tsoro ba sai wannan. Tukunyar farko tokar ta yi kaifi, na gwada a cikin hannuna na ji tana cizo, na ajiye ta don wanki. Ta biyu na yawaita mai ta ƙi kamawa. Ta uku ce ta yi. Na bar shi ya sha iska sati uku, sannan na daka shi da zuma mai yawa da garin magarya da na tankaɗe sau biyu a ƙyallen atamfa. Kurkum kaɗan na sa. Lemun tsami da wasu ke so ban ko kusanto da shi ba. Na yi kwana bakwai ina wanke fuskata da shi kafin na yarda ya taɓa tata.

Kullum da safe, in maigida ya fita yara sun tafi makaranta, sai in sirka ruwa mu shiga makewayi. Ta zauna a kujerar tsuguno, ta cire hijabi, ta rufe ido. Ba na sa soso. A tafin hannuna nake tada kumfa, in shafa mata da yatsu uku, daga haɓa zuwa sama, in gangaro wuya. Wurin yana da tauri a ƙarƙashin yatsa kamar igiya, wani gefen kuma ta ce ko taɓawa na yi ba ta ji. In na ɗauraye sai in narka man kaɗe a hannu in yi ta murzawa. Motocin kaya suna wucewa a titi, kamiyo-kamiyon Nijar masu nauyi, katangarmu tana rawa. Mu dai muna nan a tsugune.

In mun gama sai ta buɗe ido.

"Ya rage, Yaya?"

"Yana raguwa."

Ba ƙarya ce gaba ɗaya ba. Bayan wata biyu ƙaiƙayin ya lafa, tana iya juya wuya ba ta yamutsa fuska ba. Baƙin da ke gefe ya ɗan washe, ya koma kalar ƙasa. Amma abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda sauran jikinta ya karɓi sabulun. Ga hutu, ga zama a inuwa, ga zuma da man kaɗe kullum. Kumatunta na dama ya yi luwai-luwai, ya fi yadda yake lokacin tana amarya. Kyan da wancan gefen ya ƙara sai ya sa tabon ya ƙara fitowa fili. Ina kallon aikin hannuna yana yi mata abin da ban nufa ba, na rasa ko in ci gaba ko in daina.

Masu zuwa dubiya kowa da maganinsa. Wata ta ce kitsen mesa. Wata ta ce ruwan ƙwai da garin bawon kabewa. Wata ta ce a kai ta wurin wani mai magani a cikin daji, ya warkar da wani da ya fi haka. Auta tana saurare tana gyaɗa kai, in sun tafi ta dube ni, ni kuma in kau da kai in kama wani aiki.

Ranar Juma'a surukarta kan kawo yarinyar. Tana shigowa sai ta nufo ni, ta hau cinyata, ta yi wasa da 'ya'yana, ta ci abin da na ba ta. Uwarta na zaune a bakin ɗaki da hijabi ja har kan hanci, tana bin ta da ido. In Auta ta yi magana yarinyar takan waiga, don ta san muryar, sai kuma ta yi maza ta juya. Wata Juma'a barci ya kwashe ta a tabarmata bayan ta ci tuwo. Auta ta taso a hankali, ta ɗauke ta, ta koma ta zauna da ita a ƙirji. Ta fi awa ɗaya ko motsi ba ta yi ba, ƙuda ma ba ta kora ba don kada ta tashe ta. Da yarinyar ta farka ta ɗaga kai, hijabin ya zame. Na jira ihu, ba ta yi ba. Sandarewa ta yi, ta rufe ido gam, ta sulale ƙasa a hankali, ta lallaɓa wurin kakarta. Da ma ihun ta yi.

"Ki yi hanƙuri, ɗiyata," in ji tsohuwar. "Yaro ne, mantawa za ta yi."

Auta ta ce, "Na sani, Inna." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Bayan wannan da kamar sati biyu na lura wurin ƙunar ya yi ja, gefen yana saɓa. Na zaci sabuluna ne. Na daina sa mata kwana uku, abin bai lafa ba. Ina gyara shimfiɗarta na tsinci wata 'yar kwalba a ƙarƙashin katifa, irin man nan na canza launin fata da ake kasawa a kasuwa. Wata cikin masu dubiya ce ta kawo mata a ɓoye. Raina ya ɓaci. Na fito da kwalbar a hannu.

"Auta, kashe kanki za ki yi? Wannan abin ko lafiyayyar fata cinye ta yake, balle taki!"

Ta ɗago ta dube ni. Tunda take ba ta taɓa mayar mini da magana ba.

"To naki mi ya yi, Yaya? Wata huɗu. Kullum sai ki ce yana raguwa. Ina da ido fa. Ɗiyata ta rufe ido don kar ta gan ni, ke kina ce mini yana raguwa."

Ina tsaye da kwalba a hannu. A lokacin ya kamata in gaya mata abin da ma'aikaciyar jinya ta ce. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Sai an yi haƙuri, abin ba ya son gaggawa." Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi, ta juya mini baya. Na jefa kwalbar a masai. Washegari da safe na sirka ruwa, ban san ko za ta fito ba. Ta fito, ta zauna a kujerar, ta rufe ido. Daga ranar ba ta ƙara tambayata ko ya rage ba.

Mijinta yana zuwa duk sati. Yakan zauna a zaure kansa a ƙasa, ya kawo madara da sabulun wanki da duk abin da ya samu. Ba mugun mutum ba ne. Ya kasa haɗa ido da ita ne kawai, ita kuma ta ɗauka ƙyama ce, alhali ni da nake gefe na ga kunya ce ke cin sa. Ya bar ɗaukar mai na wani lokaci, ya gwada dakon hatsi, abin bai riƙe gida ba, ya koma. Mun yi maganar babban asibiti da shi da maigidana sau biyu. A ƙarshe aka bar maganar, don abin ya fi ƙarfinmu duka. A wata na shida ya ce ta dawo gida haka nan, an gyara ɗaki, ya kuma gina wa jarkokin wuri can bayan gari. Na cika mata bokiti da curin sabulu da gwangwanin man kaɗe, na raka ta.

Ba a yi wata biyu ba aka rufe iyaka. Motoci suka yi layi a titi har ido ba ya ganin ƙarshensu, direbobi na shanya wanki a jikin taya, albasa na ruɓewa a buhu. Tafiyar da da ba ta kai awa ba ta zama sai an bi daji a bayan ɗan kabu-kabu, dajin kuma ba lafiya. Maigidana ya ce ko da wasa kada in sa ƙafa. Sai aike. In na ji wani zai tsallaka in ɗaure curi biyu ko uku a leda in ba shi. Wani ya isa, wani ya narke a zafin injin babur, wani har yau ban san inda ya kwana ba. Mukan yi waya in an sami layi.

"Kina sawa dai ko?"

"Ina sawa, Yaya. Yana aiki."

"Alhamdu lillahi."

Haka muka yi ta yi wata da watanni. Ita tana faɗa don ta kwantar mini da hankali, ni ina amsawa don kada ta san na gane. In na ajiye wayar sai in zauna in rasa abin da ke mini daɗi.

Bayan an buɗe hanya ta zo sunan jikata ta fari. Ta rame kaɗan. Tabon yana nan yadda yake, sai dai jan ya koma duhu. Yarinyar ta yi tsawo, tana biye da ita, tana riƙe da gefen hijabinta. Yanzu tana yi mata magana, tana karɓar abu a hannunta, tana ce mata Mama. Amma na lura in tana magana da ita ƙasa take kallo, ko hannunta, ko bango.

Kwana biyu bayan suna, muna tsakar gida Auta na tsince shinkafa, sai ga wata budurwa daga Riko ta yi sallama. Fuskarta duk baƙaƙen tabon ƙuraje.

"An ce sabulunki na goge kowane irin tabo," ta ce.

Da can sai in ce da yardar Allah, in miƙa mata. Ranar kuwa sai na waiga wajen ƙanwata. Auta ta ajiye faifai, ta sa hannu ta janye hijabinta baya har wuya.

"Irin naki zai goge in kin yi haƙuri kin bar matsa su," ta ce. "Jikinki ma zai yi laushi. Irin wanga ne ba ya gogewa."

Budurwar ta dube ta, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Sannu, Allah ya ba da lafiya." Ta karɓi curi ɗaya ta fita da sauri.

Auta ta mayar da hijabinta, ta ɗauki faifan.

"Yaya, ki daina wahalar aiko mini. Suna can jibge a roba. Na bar sawa tun bara."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ke mi ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Na so in ce tsoro na ji, na so in ce ba ni da wani abin da zan ba ta in ban da shi. Na jawo wani faifan na zauna kusa da ita, muka tsince shinkafar tare har ta ƙare.

Washegari na raka su tasha. Motar Maraɗi ta kusa cika, wani dattijo na zaune a baya jikin taga, bayan direba. Auta ta leƙa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, don Allah ko za ka bar mini wajen nan?" Ya dube ta, bai tambayi dalili ba, ya fito ya ba ta hanya. Ta shiga ta zauna, gefen fuskarta na hagu ya koma jikin gilashi, na dama ya fuskanci mutane. Ta ɗora yarinyar a cinyarta ta dama. Direba ya tada mota. Ta ɗaga mini hannu ta ce in gaida gida, na ce Allah ya kiyaye hanya. Na tsaya har motar ta sha kwana, sannan na juyo.